Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu game da sabon filin jirgin Yamai, nauyinsa da farashinsa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mun rubuto muku ne saboda tambayoyi biyu da suka yawaita tun da muka sanar cewa sabon zubin filin jirgin sama na Diori Hamani, wanda matuƙa suka sani da lambar DRRN, ya kusa fitowa domin manhajojin kwaikwayon tuƙin jirgi. Wasunku suna neman dalilin da ya sa farashi zai tashi daga jaka 5 zuwa jaka 7 na sefa, wasu kuma suna so su san ko kwamfutar da ke hannunsu za ta iya ɗaukarsa. Tambayoyin biyu tushensu ɗaya ne, shi ya sa muka ga ya dace mu amsa su a wuri guda.

Za mu fara da nauyi, domin a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Yawancin waɗanda suka kawo mana kuka masu aiki ne da Flight Simulator X, wadda Microsoft ya fitar a 2006, ko zubinta na Steam, shagon sayar da wasanni a intanet, da ya fito a 2014, kuma labarin nasu kusan iri ɗaya ne. Mutum ya taso daga Kasabalanka ko Istanbul, ya shafe sa'o'i yana tuƙi lafiya lau, ya hango kogin Isa, ya saki tayoyi, fitilun titin sauka sun fara bayyana ta cikin hazo, sai hoto ya daskare, saƙo ya fito cewa ƙwaƙwalwa ta cika, manhajar ta rufe kanta. Da yawa sukan garzaya kasuwa su ƙara RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, su dawo su tarar babu abin da ya sauya.

Dalili shi ne an gina wannan manhaja a kan tsarin bit 32, kuma duk manhajar da ke kan wannan tsari ba ta iya riƙe fiye da giga 4 a lokaci guda, ko da an cika kwamfutar da giga 16 ko 32. Idan Windows ɗin ma ta bit 32 ce, rabon manhajar yakan tsaya a giga 2. Tiya dai ba ta ɗaukar abin da ya fi cikinta, ko da rumbu maƙil yake da hatsi. A cikin wannan giga 4 ne jirgi da na'urorinsa za su zauna, da gizagizai, da ƙasar da ake ratsawa, da sauran jiragen da ke shawagi, da filin da aka baro da wanda aka dosa. Wani abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne manhajar ba ta sakin duk abin da ta ɗauka a kan hanya, saboda haka kafin a iso Yamai wuri ya riga ya ƙure, kuma filinmu, wanda shi ne na ƙarshen shiga, shi ake ɗora wa laifi. Muna roƙon duk mai wannan manhaja da kada ya kashe ko dala a kan ƙarin RAM idan ya riga ya kai giga 8, domin ba can matsalar take ba.

Masu aiki da manhajojin bit 64 sun tsira daga wannan katanga. X-Plane 11 da 12 a kan wannan tsari suke, Prepar3D na kamfanin Lockheed Martin ya koma kan tsarin a zubi na 4 a 2017, haka ma Microsoft Flight Simulator na 2020 da na 2024. Sai dai iyakar ba ta ɓace ba, komawa ta yi kan abin da kwamfutar take da shi a zahiri. Na 2020 yana buƙatar aƙalla giga 8, ana kuma ba da shawarar 16, na 2024 kuwa mafi ƙaranci giga 16 ne. Idan RAM ta cika, Windows takan kwashe wani abu ta kai faifan ajiya, a nan ne hoto yake fara tsinkewa. Da yawa daga cikinku kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu kuke da ita, wadda katin hotonta ba shi da ƙwaƙwalwa ta kansa, daga RAM yake yanka. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awo yake haura digiri 40, shi ma yakan sa na'ura ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kuma wannan ba abu ba ne da wani fili zai iya gyarawa.

Abin da ya fi cin wuri a kowane fili shi ne hotunan da ake lulluɓe gine-gine da ƙasa da su. Hoto guda mai ɗigo 4096 a tsaye da 4096 a kwance yana cin mega 64 idan ba a matse shi ba, idan an matse shi ta hanyar DXT5 yakan dawo mega 16. Idan aka rage shi zuwa 2048, mega 4 kawai zai ci. Fili mai hotuna 60 zai cinye mega 960 da manyan hotuna, amma mega 240 sun ishe shi da ƙananan. Matuƙin da ke zaune a kujerarsa yana duban ginin fasinjoji daga farfajiyar ajiye jirage da wuya ya rarrabe tsakanin biyun. Inda ido ke kama bambanci shi ne layukan fenti da lambobin da ke kan kwalta, da allunan da ke nuna hanya, kuma waɗannan mun bar su da kaifinsu a kowane zubi.

Saboda haka sabon filin zai zo kashi biyu, cikakke da mai sauƙi, kuma wanda ya biya sau ɗaya ya mallaki duka biyun, in ban da masu Flight Simulator X. A cikin mai sauƙin mun rage girman hotuna, mun cire motocin da ke ajiye a wajen ginin, mun kuma sa itatuwan da ke nesa ba sa bayyana sai an kusato su. Titin sauka, hasumiya, fitilu da wuraren tsayawar jirage iri ɗaya ne. Sansanin sojan sama da ke maƙwabtaka da filin ba mu zana shi ba a kowane kashi, kuma ba mu da niyyar yin haka.

Wasu sun ce tunda mai sauƙin bai kai ɗayan girma ba, ya kamata kuɗinsa ya ragu. Mun fahimci wannan magana, amma ba mu yarda da ita ba. Abin da kuke biya aiki ne, kuma sauƙaƙa fili ya fi cika shi da kaya wahala, domin kowane gini sai an sake zana shi a matakai daban-daban, na kusa da na nesa, sannan a gwada shi a kan tsofaffin kwamfutoci a ga inda zai tsaya. Ban da haka, zubinmu na farko filin dā yake nunawa, kafin gyaran da kamfanin Summa na Turkiyya ya yi masa, wanda aka buɗe a 2019 gab da taron ƙoli na Tarayyar Afirka. Ginin fasinjoji da kewayensa sabo muka zana daga tushe. Filaye irin wannan a shagunan waje sukan kama daga yuro 15 zuwa 30, kuma da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wannan ya kai kusan jaka 10 zuwa jaka 20. Jaka 7 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ɗalibi, mun sani, amma ƙasa da haka ba zai biya wutar lantarki da intanet da lasisin kayan zanen da muke aiki da su ba.

Wanda ya riga ya sayi tsohon zubi jaka 2 kawai zai cika. Filin Tawa, mai lamba DRRT, yana nan a farashinsa, kuma saboda ƙanƙantarsa ba ya buƙatar kashi biyu. Masu Flight Simulator X kashi mai sauƙi kaɗai za su samu, domin ba za mu sayar muku da abin da muka san zai rufe muku manhaja ba.

Kafin kowa ya biya, muna so ya aiko mana da sunan manhajarsa, yawan RAM ɗinsa da irin katin hotonsa, mu faɗa masa kashin da ya dace da shi. Wanda yake Yamai kuma intanet ɗinsa ba ta da ƙarfi yana iya zuwa da kwamfutarsa ko ƴar ma'ajiyar USB, mu saka masa, ya gwada sauka a gabanmu. Idan filin ya ƙi tafiya a kan na'urarsa bayan mun daidaita ta, za mu mayar masa da kuɗinsa cif.

Wassalam.

Naku,
Ma'aikatan sashen zane da na ciniki, Yamai