Na ga ƙafafunka a ƙarƙashin mota

Assalamu alaikum, Baffa.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Innarka ta samu sauƙin ƙafar, har ta taka zuwa sunan gidan Kawu ranar Asabar. Saƙon da ka turo ya iso, an biya kuɗin makarantar Auta, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara buɗi. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon kira, domin na san halinka a waya. Da na fara magana sai ka yi dariya ka ce Baba kar ka damu, sai ka ce lokacin aiki ya yi. Takarda kuwa ba a katse ta.

Daren Talata Auta ta shigo min da wayarta tana murna, wai in zo in ga abin da yayanta ya saya. Tun kafin ta buɗe baki na gane motar. Fitilun nan na gaba masu faɗi, da but ɗin nan mai karyayyen baya, ko a duhu aka tashe ni na san Peugeot 504. Ita tana ta yaba fenti, ni kuwa idona na ƙasa. Na ga ƙafafunka biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motar. Na ga jak guda ɗaya, ja, irin na kwalba. Na sa ta maimaita min hoton ya fi sau goma ina neman madogarin ƙarfe, ban gani ba. Na nemi weji a taya, babu. Sannan na lura hoton ba ya ko rawa, wato ba hannun mutum ke riƙe da wayar ba, jingine ta ka yi. Kai kaɗai ne a garejin nan, Baffa. Tun daren ban yi barcin kirki ba.

Kada ka ɗauka sayen motar nake faɗa a kai. Innarka ce ke lissafin kuɗin, tana cewa da abin da ka zuba a tsohon ƙarfe da an kai lefe. Ita da kai, ku ƙarata. Ni ba ni da bakin hana ka, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni na ɗora ka a cinya a bayan sitiyari tun ba ka iya tsarki ba, ni na koya maka wanke filogi da fetur a murfin gwangwani. In akwai mai laifi a wannan son, ga shi nan yana rubuto maka.

Kuma na fahimci abin da ke jan ka, fiye da yadda kake zato. Ka ce min a layinku na kamfanin Peugeot da ke Sosho, can Faransa, mota ba ta daɗewa a gabanka, ka ɗaura abin da aka ce ka ɗaura, na'ura ta nuna maka kore, ta wuce, wata ta iso. Ka ce mutum-mutumi ke yin walda, kuma wasu motocin da kuke fitarwa yanzu na lantarki ne, ba filogi ba salansa. To mu ma a kamfanin Peugeot na Kakuri, nan Kaduna, haka layi yake, sai dai namu da hannu da kunne ne. Shekarun da na yi a sashen ɗora inji, noti nawa na ɗaure, Allah kaɗai ya sani, amma ban taɓa haɗa mota guda daga farko zuwa ƙarshe ba. Kana taɓa mota ɗari a mako, babu wadda ta san ka. Hannu ya saba har ya daina tambayar kai, innarka ta sha ce min cikin barci yatsuna na murɗa abin da babu. Shi ya sa ranar Lahadi kusan kowannenmu na da wata tsohuwa a ƙofar gida da yake kwancewa yana mayarwa, don ya ji cewa shi bakanike ne, ba ɗan yatsan kamfani ba. Na san wannan ƙishin. Ba zan ce maka ƙarya ne ba.

Har ma abin na ba ni mamaki, yadda duniya ke juyi. Sunan garin da kake zaune a bakin Turawan da suka koya mana aiki na fara jin sa, komai sai su ce a Sosho ba haka ake yi ba. Tun 1912 Peugeot ke ƙera motoci a can, mu kuwa sai 1975 aka fara haɗawa a Kaduna. A shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko kayan daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, a loda wa manyan motoci su gangaro mana da su. Ka yi tunani, ƙofa da bonet suna hawa jirgin da masu ɗaura su ba su taɓa shiga ba. Lokacin ne gwamnatin soja ta Obasanjo ta ce manya su rage fankama, 504 ta zama motar ofis, daga kwamishina har babban sakatare. Direban tasha kuwa bai san wata ba sai wagon, masu kayan gwari sai a-kori-kura. A Bauchi ana haɗa Steyr, a Kano Fiat, a Legas Volkswagen, a Inugu Mercedes, mun ɗauka hanya ta miƙe kenan. Sai 1986 ta zo da SAP, shirin nan na tsuke bakin aljihu, naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika gari. Sauran ka san shi, a cikinsa ka girma. Amma ka gaya wa abokan nan naka masu tara tsofaffin motoci cewa a 1968 aka fito da ita a ƙasarsu, suka daina yin salun ɗin a 1983, mu muka ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan haka. Abin da suke sa wa a gidan tarihi suna goge shi da ƙyalle, mu buhun masara muka ɗora masa.

To shi ya sa nake so ka saurare ni, don wannan motar na san cikinta fiye da duk wanda zai ba ka shawara a can.

Nauyinta ya haura tan ɗaya. Ƙirjin ɗan Adam ba ya ɗaukar rabin haka. Ba lallai ta murƙushe mutum ba, zama kawai take yi a kansa, ya fitar da numfashi ya kasa mayarwa, ba kuma ya iya ihu. Jak ɗin kwalba mai ne a cikinsa da 'yar roba, in robar ta gaji ba ta sallama, a hankali yake sauka ko kuma gaba ɗaya. An yi shi don ɗagawa, ba don riƙewa ba. Sannan taka ba irin tamu ba ce. Tamu rana da ƙura suka ci, ƙasanta garau. Taka ta yi shekara da shekaru tana bin titin da ake zuba wa gishiri lokacin ƙanƙara, kai da bakinka ka ce min tsatsa ta ci gefen ƙofofin. Wurin da ake kafa jak yana nan ne daidai inda tsatsar ke fara ci. Daga waje fenti, daga ciki garin ƙarfe. Kan jak zai huda ya shige kamar an soka yatsa a tuwo.

Kuma na ga inda ka kwanta, saitin giyabos ne. Kulochi kake nema ko? A 504 farfela tana cikin bututu tun daga giyabos har baya, ba ta fita da lallami, sai an ja, an girgiza, an sa ƙafa an tokare. Duk girgizar nan a kan jak take sauka. Birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, ranar da ka ɗaga baya babu abin da ke riƙe da gaba sai weji, kai kuwa ba ka sa ba. Duk wannan ka sani. Kai da ka yi karatun injiniya, kai da a wurin aikinka ba za a bar ka ka leƙa ƙarƙashin motar da ke rataye ba sai an kulle ta. A can kana bin doka don akwai mai duba ka. Ka fito ƙofar kamfani ka ajiye hankalin tare da rigar aiki?

Ka san sunan wa kake ɗauke da shi. Ka san dalilin da ban taɓa kiran ka da shi ba, ba kunyar ɗan fari kaɗai ba ce. Ka san motar, ka san wace rana ce, ka san abin da ya sa ba a zama a gindin dalbejiyar nan ta ƙofar gida. Ban taɓa zaunar da kai na ba ka labarin ba, yau ma ba zan yi ba. Abu biyu kawai zan ƙara maka. Daga aikin dare Yaya ya taso a masaƙa, ko gida bai shiga ba ya biyo ta wajena. Kuma cewa ya yi minti biyar ne, ba sai an ɗauko kututturen ba. Ni na kafa jak ɗin. Ni na shiga gida ɗauko sifana mai lamba 13.

Duk unguwar nan babu wanda ya fi shi sanin mota. Gwaninta ba ta hana ba, ita ce ma ta jawo. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, kuma gajiya ta fi giya bugarwa. Kai yanzu mako guda kana aikin safe, mako guda na yamma, wani lokaci dare, jikinka bai san lokacin barcinsa ba. Na yi wannan rayuwar, na san yadda mutum ke tashi daga layi kunnensa na ƙara, yana ji kamar garau yake, alhali rabin kansa a kashe. A wannan halin kake zuwa ka kwanta ƙarƙashin tan guda, a garejin haya, ƙofa a rufe saboda sanyi, a garin da maƙwabci ba ya leƙo maƙwabci. Yaya a bakin titi yake, mutane na wucewa, cikin ƙiftawar ido aka taru aka ɗaga, duk da haka ba a ci nasara ba. Kai wa zai ɗaga? Sai ranar Litinin in ba a gan ka a layi ba?

Kada ka ce min tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na fi ka sanin haka, ni aka yi ta faɗa wa a zaman makoki har na haddace. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Amma wanda ya zo da raƙuminsa wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali.

Na san har yau da sauran abu a ranka game da sayar da tamu. Kwana nawa ka yi ba ka ci abinci da ni ba, ka ce wa innarka na sayar da ita kamar akuya. Ban ba ka amsa ba a lokacin, don yaro ne kai. Shekarun da na yi ina jigila da ita tsakanin Kawo da Zariya, kana tsammani da daɗi nake zama a cikinta? Ita ta ciyar da ku, ita ta biya makarantarku, ba ni da wata. Ranar da na dawo na tarar ka shimfiɗa kwali ka shige ƙarƙashinta kana duba salansa, a ranar na kira dillali. Marin da na yi maka ma na ranar ne, kuma shi kaɗai ne tsakanina da kai. Ban yi nadamar sayarwar ba. Marin dai, da na iya magana a lokacin da ban yi shi ba.

Yanzu ga shi ka je can ƙarshen duniya ka nemo irinta, har launin. Da Auta ta ce fara ce kamar ta Baba, sai na tashi na fita tsakar gida. Ban sani ba ko huce haushi kake yi, ko kewa ce. Na fi zaton kewa, don na san zuciyarka.

Ga abin da nake so, kuma umarni ne, ba shawara ba. Kada ka ƙara sa ko kafaɗa a ƙarƙashinta sai tana zaune a kan madogaran ƙarfe, a kan siminti mai lebur, an kafa su a ƙarfen da ka buga da guduma ka ji ya amsa. Weji gaba da baya. Tayar da ka kwance ka tura ta ƙarƙashin gefen motar da rim ɗinta. Ka kama motar ka jijjiga ta da ƙarfinka kafin ka shiga, in za ta faɗi ta faɗi kana tsaye. Ranar da ka taso daga aikin dare kuwa ko bonet ban yarda ka buɗe ba. Aikin kulochin nan ka kai shi garejin da ka ce ana hayar injin ɗaga mota da awa, ko nawa ne, ka cire daga abin da kake turo mana, mun yafe na wata biyu. Kuma ka shiga ƙungiyar dattawan nan masu tsofaffin Peugeot da ka ce suna gayyatar ka. Ka ce surutunsu ya yi yawa. To mai surutu yana da hannu biyu, yana da waya. Ko ɗan Marokon nan abokin aikinka da kuke zuwa Juma'a tare, ka saya masa shayi ya zauna yana kallon ka.

Ban gaya wa innarka abin da na gani a hoton ba, ita fenti ta gani. Kada ka sa in gaya mata.

Na ji ƙarar injin a ƙarshen hoton, lokacin da ka tayar. Tana rawa in tana tsaye, kuma kamar tana shan iska ta wani wuri. Kafin ka taɓa kafireto ka duba robobin da ke bayansa, yawanci nan ne, mutane su yi ta wahalar banza. Littafin gyaran nan na kamfani mai baƙin bango yana nan a akwatina, da zakin gaban tamu, na cire shi kafin dillali ya zo, ban taɓa faɗa maka ba. Ɗan gidan Alhaji zai koma ƙarshen wata, zan ba shi ya taho maka da su tare da yajin innarka da kilishi.

In ka saita ta, ka ɗauko min ƙarar a waya in ji. Bonet a buɗe, kai kana tsaye, in ga fuskarka. Kafin nan ina jiran hoton madogaran, guda huɗu, a ƙarƙashinta, kafin Juma'a.

Innarka da Auta suna gaishe ka. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
daga Kaduna.