A Riƙa Bin Sawun Horon Ma'aikata Bayan An Tashi Daga Bita

Ya Edita,

Na karanta rahotonku na makon jiya kan yadda ake tururuwar neman digiri na biyu a fannin bunƙasa ma'aikata da horar da su. Abin farin ciki ne, sai dai akwai gyara.

Na halarci bita da dama a wurin aikina. Kullum idan an gama, sai a raba takarda a tambaye mu ko mun ji daɗin zaman, shi ke nan. Ba wanda ke dawowa bayan wata uku ya duba ko aikinmu ya sauya. Alhali tun 1959 wani masani ɗan Amurka, Donald Kirkpatrick, ya fito da matakai huɗu na auna horo: yadda mahalarta suka karɓe shi, abin da suka koya, sauyin da aka gani a aikinsu, da amfanin da wurin aikin ya samu. Ɗalibai kan haddace su don jarrabawa, amma a aikace ana tsayawa a matakin farko.

Shawarata ga jami'o'i ita ce, kada a ba ɗalibi wannan digiri sai ya yi zango guda a wata ma'aikata, ya tsara horo da kansa, ya bi sawunsa aƙalla zuwa mataki na uku, sannan ya rubuta kundinsa a kan abin da ya gani.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku