Sunan de Maizière bai isa Jamus da kansa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da duk ma'aikatan sashenku, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi ƙari a kan wata amsa da na ji a shirinku na tambayoyin masu sauraro. Wani bawan Allah ya tambaya yadda aka yi Bajamushe kamar Thomas de Maizière, tsohon ministan cikin gida na Jamus, yake amsa sunan Faransawa. Aka ce masa kakanninsa daga Faransa suka fito, aka wuce tambaya ta gaba. Ba a yi ƙarya ba, amma an taƙaita da yawa. Zuriyar waɗanda suka baro Faransa a wancan zamani ta cika duniya, kuma da yawansu sunan ya lanƙwashe a bakin maƙwabta har ba a iya gane shi. Shi kuwa wannan ya haura shekara 300 a ƙasar Jamus, ko ɗan karan nan da ake ɗorawa a kan harafin e bai zubar ba. A ganina nan tambayar take. Ni malamin Faransanci ne mai ritaya, saboda haka a yi mini uzuri idan na ja zancen.

Asalin sunan na gari ne. A gabashin Faransa, a yankin Lorraine, akwai wani gari arewa da birnin Metz da ake kira Maizières-lès-Metz, wato Maizières ta kusa da Metz, kuma can ne wannan gida yake danganta kansa. Ita "de" ɗin da ke gaba aikinta ta nuna inda mutum ya fito, kamar yadda sunan gari ya manne wa Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur. Tushen Maizières kuwa kalmar Latin ce, maceria, mai nufin katangar dutse, kuma an riƙa laƙaba ta ga wuraren da mutane suka zo suka tarar da kufan gine-ginen Rumawa suka zauna a kai. Kufai irin wannan ba ɗaya ba ne a Faransa. Akwai Maizières a Calvados, akwai a Haute-Saône, akwai Maizières-la-Grande-Paroisse a Aube, ga kuma masu rubuta shi Mézières ko Mazières, mafi shahara a cikinsu Charleville-Mézières ta yankin Ardennes. Shi ya sa nake jan kunnen matasan da ke buga sunan mutum a intanet, taswira ta fito musu da ɗige-ɗige, su ce ga dangi sun bazu. Mai suna Mazière a kudancin Faransa da ministan nan na Jamus ba lallai su haɗa ko da kakan kaka ba. Garuruwansu ne suka yi takwara. Wanda ke da "de" a gaba, ba shi da s a ƙarshe, kuma yana Jamus, wannan gida guda ne, shi ya sa ma masu amsa shi ba su da yawa.

To, me ya fitar da su? Addini. Mutanen gidan 'yan Furotesta ne mabiya koyarwar Calvin, waɗanda a Faransa ake kira Huguenot. Bayan an sha zubar da jini tsakaninsu da Katolika, har da kisan kiyashin da aka fara a Paris a watan Agusta na 1572, Sarki Henri na 4 ya kafa dokar Nantes a 1598 wadda ta ba su damar yin ibadarsu. Jikansa Louis na 14 ne ya warware ta. Tun daga 1681 aka fara sauke sojojin doki a gidajensu. Soja ya shigo ya kwana a gadonka, ya ci abincinka, ya sayar da kayan ɗakinka, ya hana ka barci da ganga, ba zai fita ba sai ka sa hannu cewa ka koma Katolika. A Oktoban 1685 sarkin ya soke dokar ɗungurungum. Aka rushe majami'unsu, aka ba fastoci kwana 15 su bar ƙasar, su kuwa mabiya aka hana su fita. Namijin da aka kama a hanyar gudu sai a ɗaure shi ya yi ta tuƙin jiragen ruwan yaƙin sarki, mace kuma gidan kaso. Duk da haka masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan mutum 200,000 sun sulale, wasu Holan, wasu Ingila, wasu Suwizalan, wasu ƙasashen Jamusawa.

Makonni kaɗan bayan haka, mai mulkin Brandenburg, ƙasar Jamusawa da Berlin ke cikinta, Friedrich Wilhelm, ya fitar da tasa dokar daga Potsdam yana kiransu su zo. Wannan takarda ta cancanci a karanta ta a rediyo, domin ba ta tsaya ga "sannunku da zuwa" ba. Ta faɗi hanya: wanda ya fito ta Holan ya nemi wakilin mai mulki a Amsterdam a sa shi jirgi zuwa Hamburg, mutanen gabas irin na Lorraine su nufi Frankfurt, can akwai wanda zai ba su guzuri da takardar wucewa. Ta yi alkawarin gidajen da suka zama kango, da katako da dutse da farar ƙasa na gyara su, da ɗage haraji na shekaru, da fasto mai wa'azi da Faransanci, da alƙali daga cikinsu. Ba tausayi ne kaɗai ya motsa shi ba. Yaƙin shekara 30 da aka gama a 1648 ya bar ƙasarsa ba mutane, ga shi kuma shi kansa mabiyin Calvin ne yana mulkin mabiya Luther, yana bukatar 'yan ɗarikarsa a kusa. Kimanin mutum 20,000 suka amsa kira, masaƙa da masu ɗinkin hula da safar hannu da maƙeran zinariya da likitoci da hafsoshin soja. Wajen shekarar 1700, kusan mutum ɗaya cikin biyar a Berlin Bafaranshe ne, kuma mutanen Metz na da yawa a ciki, har babban fastonsu David Ancillon can ya ƙare rayuwarsa. 'Yan gari ba su yi murna ba, kamar yadda aka saba. Suna biyan haraji, baƙi na zaune ba sa biya.

Nan ne amsar da mai tambaya ya kamata ya samu. Sunan ya tsira ne domin wanda ya karɓe su bai ce su narke ba. Suna da makarantarsu ta Faransanci da aka buɗe a Berlin a 1689, wadda har yau tana aiki. Suna da majami'arsu a dandalin Gendarmenmarkt, an gina ta tsakanin 1701 da 1705. Suna da kotunansu har zuwa 1809. Idan aka haifi yaro, mai rubuta sunansa a littafin majami'a Bafaranshe ne, ya san inda i take da inda z take. Haka ranar aure, haka ranar jana'iza. Suna yakan lalace ne a hannun magatakardan da bai san harshen ba, yana rubuta abin da kunnensa ya jiyo masa. Su kuwa sun yi fiye da ƙarni guda alƙalami na hannun nasu, kuma kafin gatan ya ƙare sun riga sun shiga sahun masu ilimi da muƙami, inda suna irin wannan ado ne.

A duba abin da ya sami 'yan'uwansu a wani wurin. Kamfanin Holan mai kasuwancin gabas ya kai Huguenot kimanin 200 yankin Cape na Afirka ta Kudu a 1688 da 1689. Gwamna Simon van der Stel ya raba musu gonaki a tsakanin manoman Holan da gangan, daga baya aka matsa cewa makaranta da majami'a su koma harshen Holan. Kafin jikoki su girma Faransanci ya mutu a gidajensu. Pinard ya zama Pienaar, Villion ya zama Viljoen, Le Clercq ya zama De Klerk, sunan shugaban da ya saki Mandela a 1990. A can kuma sunayen ba su yi ƙaranci ba, domin manoma ne masu haihuwa da yawa a ƙasar da aka ƙwato fili mai faɗi aka ba su, mutum guda ya bar dubban masu amsa sunansa. A Amurka ma, Apollos Rivoire da ya sauka Boston ya mayar da kansa Revere don sauƙin bakin abokan ciniki.

Wani ɗan gyara a gefe, don kada a wuce gona da iri: ba kowane sunan Faransanci a Jamus ne na 'yan hijira ba. Oskar Lafontaine, ɗan siyasar nan, ɗan gidan Katolika ne daga Saarlouis, garin da shi Louis na 14 ya kafa a 1680. Nasa sunan na zaman bakin iyaka ne.

Yadda sunan de Maizière ya bazu a cikin Jamus kuwa, tarihin ƙasar ne a taƙaice. Wa da ƙane ne, Clemens da Ulrich, mahaifinsu ya mutu a fagen yaƙin duniya na farko a 1915. Ulrich, wanda aka haifa a Stade a 1912, ya zama hafsa a rundunar Hitler, kuma a watannin ƙarshe na yaƙin yana cikin masu shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Berlin su kai wa Hitler rahoton fagen daga. A wannan yaƙin ne, cikin Oktoban 1944, sojojin Amurka da na Jamus suka yi ta gwabzawa gida gida a Maizières-lès-Metz har garin ya koma kufai. Ulrich ya yi zaman fursunan yaƙi a hannun Ingila, ya fito ya yi aiki a shagon littattafai da takardun kiɗa a Hanover, sannan aka kira shi cikin masu tsara sabuwar rundunar Jamus ta Yamma, ya zama babban hafsanta daga 1966 zuwa 1972. Ɗansa Thomas a Bonn aka haife shi, a 1954.

Clemens kuwa Jamus ta Gabas ya zauna, yana aikin lauya a ƙarƙashin gwamnatin 'yan gurguzu. Ɗansa Lothar, haihuwar Nordhausen a 1940, makaɗi ne da farko. Yana goga wata babbar goge ta Turawa da ake kira viola a ƙungiyoyin makaɗa, sai ciwon jijiya ya kama masa hannun hagu, hannun da ke danna tsirkiya, dole ya ajiye ya koma karatun lauya. Wannan makaɗin ne ƙawancensa ya ci zaɓen 18 ga Maris 1990, zaɓen majalisar ƙasa na gaskiya na farko kuma na ƙarshe a Jamus ta Gabas. Ya zama firaminista daga Afrilu har daren 2 ga Oktoba, lokacin da ƙasar da yake shugabanta ta daina kasancewa. Shi ya sa hannu a madadinta a Moscow ranar 12 ga Satumba a kan yarjejeniyar da ta buɗe ƙofar haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma. Ɗan baffansa Thomas ya tsallako daga yamma ya zama mai ba shi shawara, kuma a gwamnatin nan ne wata matashiya mai suna Angela Merkel ta sami muƙamin mataimakiyar kakaki. Ba a rabu lafiya ba, domin a Disamban shekarar Lothar ya sauka daga kujerar minista a gwamnatin haɗaɗɗiyar Jamus ta Helmut Kohl saboda zargin ya taɓa yi wa Stasi, hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, aiki, zargin da ya musanta. Thomas ya ci gaba da aiki a gabas, Schwerin sannan Dresden, kafin Merkel ta ɗauko shi a 2005 da ta zama shugabar gwamnatin Jamus.

Mu nan mun fi sanin sunan ne a 2015, lokacin da yake ministan cikin gida kuma masu neman mafaka kimanin 890,000 suka shiga Jamus a shekara guda. Shi ya sanar da maido da binciken kan iyaka da Austriya a watan Satumba, shi kuma ya zagaya Maroko da Aljeriya da Tunisiya a farkon 2016 yana neman su karɓi mutanensu da aka ƙi ba mafaka. Na sha jin ana cewa jikan ɗan gudun hijira bai kamata ya yi haka ba. Ni wannan magana ba ta gamsar da ni ba. Bayan shekara 300 mutumin Bajamushe ne kamar kowa, kuma jini ba ya gadar da tausayi: Curt von François, hafsan sojan Jamus wanda ya kai wa mutanen Hendrik Witbooi, wani shugaban 'yan ƙasa, farmaki a Hornkranz ta Namibiya a 1893 aka kashe mata da yara, shi ma zuriyar Huguenot ne. Haka kuma masu ɗaga dokar Potsdam a matsayin shaidar karamcin Jamus su tuna cewa ta ware Faransawa 'yan Katolika, ta ce ban da su. Zaɓe aka yi, aka ɗauki masu amfani kuma 'yan ɗarika. Abin da na ga ya fi dacewa a ɗauko daga labarin shi ne abin da aka yi musu bayan sun iso: an ba su gida da jari da izinin sana'a tun ranar farko, ba a ajiye su a sansani suna jiran takarda ba, kuma ba a sa musu sharaɗin su watsar da harshensu kafin a yarda da su ba.

Roƙona shi ne ku sake ɗauko tambayar a shirin tarihi, ku ba ta lokacinta. A hasumiyar da ke manne da majami'ar nan ta Gendarmenmarkt akwai gidan tarihin Huguenot, kuma har yanzu akwai jama'ar da ke yin ibada da Faransanci a wurin. Idan kuna da wakili a Berlin, ya leƙa ya naɗo mana muryoyinsu.

Na gode da ba ni wannan fili. A gaida duk ma'aikata.

Wassalam,
Mai sauraronku na kullum, daga Damagaram.