Harsashin nan buɗewa yake yi, ba fashewa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A wani labarin harbi a Amurka da kuka buga kwanan baya, an kira harsashin da maharbin ya yi amfani da shi "mai fashewa". Ina roƙon a gyara. Ni ma'aikacin jinya ne a sashen gaggawa na wani asibiti a nan Amurka, kuma na sha ganin irinsa a cikin tasa bayan likita ya ciro shi daga jikin mutum.

Babu albarushi a kansa. Rami kawai aka yi wa bakinsa, ana ganin dalmar a ciki. Da ya shiga nama sai bakin ya baje kamar an buɗe laima, raunin ya yi faɗi, shi kuma yawanci ya tsaya a nan. Hujjar 'yan sanda ta amfani da shi ke nan: ba zai huda mutum ya wuce ya sami na bayansa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tun 1899 aka yi yarjejeniya a birnin Hague ta hana harsashi mai bajewa a yaƙi tsakanin ƙasashe, bayan surutun da aka yi kan wanda Turawan Ingila suka ƙera a Dum Dum, kusa da Kalkata. Amurka ba ta sa hannu ba. Abin da ƙasashe suka ce ya yi wa abokin gaba muni, ga shi a ƙugun ɗan sanda a kan titi, ga shi a kanti.

Maƙwabcina tsohon ɗan sanda ne, yana tara waɗannan harsasai kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi. Shi ya ba ni labarin 11 ga Afrilu 1986 a Miami, ranar da aka kashe jami'ai biyu na FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, a musayar wuta da wasu 'yan fashi. An harbi ɗaya daga cikin 'yan fashin da harsashi mai bajewa samfurin Silvertip na kamfanin Winchester, harsashin ya tsaya dab da zuciyarsa, mutumin ya ci gaba da harbi. Bayan nan FBI ta sa sharaɗin harsashi ya shiga zurfin inci 12 zuwa 18 a gwajinta, kamfanoni suka shiga rige-rigen ƙera sababbi.

Wanda ya fi ji da shi a kabad ɗinsa kwali ne na wani harsashi mai bajewa da ake kira Black Talon. Winchester ta fito da shi a farkon shekarun 1990, ta janye shi daga kasuwar jama'a a 1993, bayan an yi amfani da shi a wani kisan gilla a San Francisco. Janyewar ce ta sa masu tarawa ke rububinsa. Dattijon ya zaro guda, baƙi wuluk, ya goge shi da tsumma ya ɗora mini a tafin hannu, yana nuna mini tsagun da ke buɗewa su zama farata shida masu kaifi. Mutumin kirki ne, bai taɓa harba ko ɗaya daga cikin kwalin ba, tarihi yake so. Ni kuwa hankalina yana kan hannun likita sanye da safar roba, yana lalube a cikin mutum yana neman waɗannan faratan. Na mayar masa da shi ban ce komai ba.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Ohio, Amurka