Ciwon Hanta Ya Raba Mu da Abokin Aikinmu a Mile 12

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili mu tuna da abokin sana'armu a kasuwar Mile 12, mutum mai haƙuri da riƙon amana, wanda ciwon hanta nau'in B ya yi ajalinsa. Allah Ya jiƙansa.

Cutar nan tana shekaru a jiki ba alama. Sau da yawa, kafin ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, hanta ta riga ta lalace. A nan ne ake kuskure: sai a ce ciwon shawara ne, a koma shan jiƙe-jiƙe wata da watanni.

Ana ɗaukarta ta jini, ta saduwa, ko daga uwa wajen haihuwa. Askar wanzami da ta mai yankan farce, idan ana yi wa kowa da guda, hanya ce babba.

Gwajin jini ke nuna ta. Wanda ba shi da ita ya yi rigakafi, allura 3: yau, bayan wata 1, sai bayan wata 6 da yin ta farko. Wanda likita ya ɗora kan tenofovir, maganin da ke danne cutar, kada ya daina da kansa, domin cutar na iya tasowa da ƙarfi. A gwada matan marigayin da 'ya'yansa, don Allah.

Abokan sana'arsa,
Mile 12, Legas