Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Muka Kwana Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwar Ɗalibai

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, ga abin da ƙungiya ta yi bana.

Kun dai san tun farkon shekara muka raba aikin hawa uku. Hawa na farko na kowa da kowa ne, ko yaro na da matsala ko babu. Nan kam alhamdulillahi mun taɓuka, mun bi aji aji mun yi magana kan barci, fargabar jarabawa, cin zali, da yadda yaro zai faɗi abin da ke cin ransa ba a yi masa dariya ba. Ranar 10 ga Oktoba, wato ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, mun zauna da malamai, da muka ce musu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro 1 cikin 7 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa sai ɗakin ya yi tsit, don kowa ya shiga lissafin ajinsa, in kana da yara 35 to kusan 5 kenan fa.

Hawa na uku kuma na 'yan ƙalilan ne da abin ya yi tsanani, kamar mai maganar illata kansa. Wannan ba aikinmu ba ne, iyaye ake kira a haɗa su da likita ba jira, kuma hakan muka yi.

To inda muka gaza gaskiya shi ne hawa na biyu. Yaran da ba su kai ga asibiti ba amma dai an ga sun canza, yarinya mai surutu ta koma shiru, yaro ya fara fashin zuwa makaranta, maki na ta sauka, su ne ke buƙatar zama cikin ƙaramin rukuni da malamin ba da shawara duk mako ana bibiyarsu, amma sai mu tarar shi malamin an jibga masa darussa ba shi da lokaci, wani wurin ma ɗakin da za a keɓe babu, to wane yaro ne zai buɗe cikinsa a ofis cike da malamai? Haka ake barinsu sai abu ya ɓaci sannan a kira mu.

Saboda haka baɗi nan za mu karkata, kwamiti zai nemi shugabannin makarantu su ware awa ɗaya a mako da ɗaki guda. Masu son shiga horon bibiya su ba sakatare sunansu kafin taro na gaba.