Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mini Da Keken Jakar Golf

Zuwa ga Manajan Darakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Yallaɓai, na rubuto ne a kan keken tura jakar golf, wanda a filin wasa muke ce wa toroli, da na saya a shagonku na intanet a farkon watan Janairu. Ban so maganar nan ta fito bainar jama'a ba. Na kira lambarku har na haddace ta, na rubuta ta WhatsApp, na aika imel sau uku, amsar dai ɗaya ce kullum: an miƙa wa ofishin Legas, a ƙara haƙuri. Ban sa sunan kamfaninku a nan ba don ina so in bar muku ƙofar gyara. Kun dai san kanku, lambar rasidina kuma tana cikin kowane saƙo da na aiko muku.

Shekarata 63, na yi ritaya daga aikin gwamnati. Hawan jini da ciwon suga suka sa likita ya ce lallai in riƙa tafiya a ƙafa, ni kuma babu inda tafiya ke yi mini daɗi kamar filin golf. Wanda ya zaga rami 18 a ƙafa ya taka abin da ya kai kilomita 7 zuwa 9, cikin awa huɗu ko fiye. Matsalar ita ce jakar. Dokar wasan ta yarda mutum ya riƙe sanda har 14; ka haɗa da ƙwallaye, gorar ruwa biyu, lema da tawul, ka tashi da kilo 12 ko sama da haka, kuma bayana ya daina ɗaukar wannan. Ranar Asabar ina da yarona kadi da ke riƙe mini jaka, ba kuma zan raba shi da wannan abincin ba. Amma Talata da Alhamis da na fi fita bayan sallar asuba, yana makaranta, ni ne ma na matsa masa ya koma. Don waɗannan ranakun na nemi toroli, na kuma biya ku kuɗin da ya kusa fanshona na wata biyu.

Ban yi sayen nan da ka ba. Sai da na yi mako uku ina aron na abokai ina gwadawa. Mai taya biyu, wanda ake ja ta baya, kafin in kai rami na tara kafaɗata ta dama ta fara zogi, domin hannu ɗaya ne ke miƙe a baya yana murɗa jiki, wani ɓangare na nauyin jakar kuma a kansa yake. Mai taya huɗu ya fi kowanne zama daram a gangare, sai dai juya shi aiki ne. Mai batir kuwa, ko aljihu ya ɗauka, sai mutum ya tambayi kansa ina wutar caji, ina kuma mai gyara ranar da injinsa ya tsaya. Sai na tsaya a kan mai taya uku da ake turawa da hannu biyu, jiki a miƙe. Wannan ƙira ba baƙuwa ba ce. Tun 1999 kamfanin Sun Mountain na Amurka ya fito da irinta, kuma tuni aka gama sanin inda irin wannan keke ke mutuwa: taya, birki, da gaɓar da ake naɗe shi.

Shi ya sa kafin in tura ko kwabo na yi wa ma'aikaciyarku tambaya uku, kuma hirar tana nan a wayata ban goge ba. Na ce mata, 'yata, tayar nan ta iska ce ko dunƙulalliyar roba ce wadda ba a hura mata iska? Ta ce, Baba, ba ta faci. Na ce birkin fa, zai riƙe jaka cikakkiya a gangare? Ta ce ko a kan dutse. Na ce idan wani abu ya lalace kuna da kayan gyara a ƙasar nan? Ta ce akwai komai, ga garantin shekara ɗaya. A shafinku ma an rubuta cewa keken ya dace da kowane irin fili.

Ranar da na ɗauko kwalin daga tasha na buɗe, abin da idona ya fara faɗawa kai shi ne bakin hura iska a jikin taya. Duka ukun masu tub ne. Na kira nan take, aka ce mini ai waɗannan sun fi laushin tafiya. Gaskiya ne sun fi laushi a kan ciyawar da ake ba ruwa safe da yamma, irin ta filin golf na IBB da ke Abuja. Mu nan da rani ƙasarmu ta bushe ta yi tauri, ga burji, ga ƙarangiya, ga tsidau. Duk wanda ya yi yawo ba takalmi yana yaro a Arewa ya san tsidau: ɗan ƙanƙanen ɗa mai ƙaya, ko ta ina ya kwanta sai tsini ɗaya ya kalli sama. A fitata ta biyu, tun ban gama rami na biyar ba, tayar hagu ta kwanta. Na zauna a gindin wani darbejiya na cire ƙaya huɗu daga jikinta da farcena. Sauran ramukan da ƙarfi na ja shi, kamar mai tura baro cike da yashi. Cikin wata ɗaya sau biyar na je wurin mai faci, har ya gaya mini gaskiya cewa tub ɗin ya gama yawo, girmansa kuma bai taɓa ganin irinsa a kasuwa ba.

Bayan wannan akwai karkata. Ka saita keken a kan hanya miƙaƙƙiya ka sake shi, kafin taku goma ya kama hagu. Kekunan abokaina suna da wani ɗan noti a jikin tayar gaba da ake juyawa a daidaita ta. Naku ba shi da shi, a dunƙule aka zubo wurin. Wato awa huɗu wuyan hannuna na dama yana kokawa da shi, da daddare sai na shafa man zafi kafin in yi barci.

Duk wannan na so in haɗiye. Abin da ya sa tura ta kai bango shi ne birki. Wata Asabar a tsakiyar Fabrairu, hazo ya rufe gari, na fita da toroli duk da cewa yaron yana tare da ni, don ina so ya huta da ɗaukar kaya ya mai da hankali wurin duba mini inda ƙwallo ta faɗa. A wani rami da ke da gangare zuwa kwazazzabo na tsayar da keken, na ja birki har na ji ya ce ƙas, na zaro sanda na juya baya. Ina gyara tsayuwa sai na ji ƙarar sanduna suna karo da juna. Ina waigawa na ga keken ya kama gangare shi kaɗai, yaron kuma ya runtuma a guje zai tare shi. Na daka masa tsawa ya bari, bai ji ba. Ya riƙo hannun keken daf da bakin kwazazzabon, nauyin ya fizge shi, suka kife tare. Gwiwarsa ta daye, tafin hannunsa ya tsage a kan marmara, babbar sandata ta bugun farko ta karye gida biyu. Ya miƙe jini na bin ƙaurinsa, abin da ya fara cewa shi ne, Baba, ka yi haƙuri ban riƙe da wuri ba. Wannan maganar ta fi karayar sandar yi mini ciwo. Ni na kai shi aka wanke ciwon aka yi masa allurar tetanus, ni kuma na je na tsaya a gaban mahaifiyarsa ina ba ta haƙuri a kan abin da ku ya kamata ku amsa.

Da na koma gida na kifa keken na duba. Birkin ba komai ba ne illa wani ɗan tsinken roba, bai kai kaurin ƙaramin yatsana ba, da ke shiga tsakanin haƙoran da ke jikin taya. Ya gutsure daga tushe. Wayar da ke jan sa kuma ƙurar hunturu ta cika bututunta, ta yi tauri, don haka tun farko rabin tsinken ne kawai ke shiga. Mako shida ke nan da saye.

A ranar na aiko muku da hotuna. Bayan kwana tara aka amsa cewa babu wannan tsinken a sito, sai an yi oda daga waje, kuma ba a san ranar zuwansa ba; ko zan iya samun wanda zai ɗan lallaɓa mini shi kafin nan? Da shawararku na ɗauke shi zuwa Panteka. Yallaɓai, idan ba ka san Panteka ta Kaduna ba, kasuwa ce da kusan babu abin ƙarfen da ba za a ƙera maka ba. Wani dattijo ya kwance tayoyin a gabana, ya nuna mini boris ɗinsu: a buɗe suke, babu murfin da ke hana ƙura shiga, man ciki ya koma jar laka. Ya sa mini rufaffu, ya feƙe tsinken ƙarfe ya maye na robar. Amma da ya kai ga gaɓar da ake naɗe keken sai ya kira ni ya ɗora yatsana a kan wata tsaga da ta fara bi ta jikin robar. Ya ce, Alhaji, da ƙarfe ne da na yi maka walda, ko alminiyam ne akwai masu waldar argon a layin baya. Wannan roba ce, kuma rana ta fara cin ta. Ba zan karɓi kuɗinka in ce maka za ta kai damina ba.

Na sanar da ku wannan. Sai ga amsa cikin awa ɗaya, karo na farko da kuka yi sauri: tunda an taɓa keken a waje, garanti ya faɗi, kuma a ƙasan rasidi an rubuta cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Ku kuka ce in kai gyara. Saƙon yana nan da ranarsa da lokacinsa.

Game da rubutun ƙasan rasidi kuwa, ina tunatar da ku dokar gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kaya cikin wata uku idan ya fito da aibi ko bai dace da abin da aka sayar da shi dominsa ba, mai sayarwa kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi, ɗawainiyar mayarwar tana wuyansa. Ƙorafina na farko, na taya, a ranar da kayan ya iso na yi shi. Na birki a mako na shida. Abin da kamfani ya buga a takardarsa ba ya shafe abin da doka ta ba ni.

Akwai abin da ya fi kuɗina damuna. Golf ba baƙon wasa ba ne a Arewa; filin Rayfield da ke Jos tun 1913 yake, zamanin haƙar kuza, kuma Kano da Kaduna da Zariya duk suna da nasu. A filaye da yawa ma wurin ramin ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka gauraya da mai, saboda ruwan da za a shayar da ciyawa babu shi. Wanda ke son sayar mana da keke ya kamata ya zo ya taka wannan ƙasar da ƙafarsa, da rani da damina, kafin ya rubuta cewa kayansa ya dace da kowane fili. Masu sayen toroli a wurinmu yawanci irina ne: dattawan da likita ya tura tafiya, da mata da suka fara shigowa wasan, da matasan da ba su da kuɗin kadi kullum. Mutum biyu a cikin abokaina sun ga nawa yana sabo suna shirin yin oda. Na nuna musu tsinken da ya gutsure, wanda har yau yake cikin aljihun jakata. Na ce musu duk inda za su saya, su matsa tayar da hannunsu su tabbata ba ta iska ba ce, su ɗora jaka cikakkiya su ja birki a gangare su gani, su duba ko gaɓar naɗewa ƙarfe ce, su auna shi a but ɗin motarsu, kuma kada su biya sai an ɗora musu safayar taya da wayar birki a kan tebur sun gani da idonsu.

Abin da nake nema a wurinku bai da yawa. Ku aiko a karɓi kekenku a kan kuɗinku, ku mayar mini da abin da na biya. Ba na son canji da irinsa. Ku biya kuɗin sandar da ta karye da na maganin yaron, rasidin duka biyun suna hannuna. Ku cire maganar “kowane irin fili” daga shafinku, ku rubuta ƙarara cewa tayoyin na iska ne. Sannan ku kira duk wanda kuka sayar wa irin wannan keken ku gaya masa ya duba birkinsa tun bai sake shi a gangare da yaro a gabansa ba. Wannan na ƙarshen, ko ba ku yi mini komai ba, ina roƙonku don Allah ku yi shi.

Na wanke keken na mayar da shi cikin kwalinsa, yana nan a zaure. Zan jira mako biyu daga yau. Idan ban ji daga gare ku ba, zan kai hirarmu ta WhatsApp, da hotunan, da rasidan gaban FCCPC, a can kuma dole in faɗi sunanku.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan fansho mai buga golf,
Kaduna.